Mamban Hukumar Makarantu a Karkarar Amurka: Ina Hannunsa Ya Kamata Ya Tsaya?

Wani abokina da ya daɗe yana zaune a wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka, irin garin da gonaki suka fi gidaje yawa, ya ba ni wani labari wanda shi a wurinsa yabo yake yi, ni kuwa ya tsaya mini a rai har na kasa barinsa. Ya ce a hukumar makarantun gundumarsu akwai wani dattijo manomi wanda ba a taɓa ganin mai himma irinsa ba. Idan motar ɗaukar ɗalibai ta lalace shi ne yake zuwa da kayan aikinsa, idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙofar makaranta shi ne yake fitowa da taraktarsa tun kafin gari ya waye, kuma babu wasan ƙwallon kwando da za a yi bai halarta ba.

Sai abokin nawa ya ƙara, kamar abin ba komai ba ne, cewa wata rana dattijon ya shiga ajin malamar lissafi bayan an tashi, ya ja kujera ya zauna, ya tambaye ta dalilin da ya sa yara da yawa suke faɗuwa jarrabawarta, alhali cikin waɗanda suka faɗin har da jikansa. Bai ɗaga murya ba, bai yi barazana ba. Da shekarar karatu ta ƙare malamar ta ajiye aiki ta koma birni. Da na nuna damuwata, abokina ya ce mini: “Haba, mutumin da ko dala ɗaya ba a biyansa, kuma kullum yana makarantar nan, ai yana da haƙƙin ya yi tambaya.”

Ra'ayina shi ne dattijon nan ya yi kuskure, kuma kuskuren ya fi muni saboda gundumar ƙarama ce. Mamban hukumar makarantu ya kamata ya san makarantarsa ciki da waje, ya ziyarce ta, ya saurari iyaye da malamai, amma ikonsa yana wuri ɗaya ne kawai, wato teburin taron hukuma, lokacin da yake zaune da sauran mambobi ana kaɗa ƙuri'a a gaban jama'a. Da zarar ya tashi daga wannan tebur ya koma maƙwabci kamar kowa, ko da kuwa mutanen gari ba sa kallonsa haka, kuma rashin kallonsa hakan shi ne tushen matsalar.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, bayani kaɗan zai wadatar. Tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba, saboda haka harkar ta faɗa hannun jihohi, jihohi kuma suka miƙa yawancin aikin ga gundumomin makarantu, waɗanda a yau sun kai kimanin 13,000, kuma fiye da rabinsu a karkara suke. Kowace gunduma tana da hukumarta, galibi mai mambobi biyar ko bakwai, waɗanda a mafi yawan wurare mutanen yankin ne suke zaɓensu. Hukumar ce take ɗaukar babban jami'in gunduma, wanda suke kira sufuritanda, ita ce take amincewa da kasafin kuɗi, take tsara manufofi, a wurare da dama kuma take yanke yawan harajin gidaje da filaye da za a karɓa domin makaranta. A jihohi irin su Texas doka ma ta hana a biya mambobin albashi.

“Idan bai yi ba, wa zai yi?”

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. A babbar gunduma ta birni akwai ofishin ɗaukar ma'aikata, akwai lauya, akwai mai kula da motoci, akwai mai kula da gine-gine. A gundumar da ɗalibanta gaba ɗaya ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, sufuritanda ɗin shi ne sau da yawa shugaban makaranta, wani lokaci har ya shiga aji ya koyar, ko ya tuƙa mota idan direba bai samu zuwa ba. A irin wannan wuri, duk wanda ya ce mamban hukuma ya naɗe hannu ya jira taron wata-wata bai san yadda ake rayuwa a can ba.

Amma a lura da irin aikin da ake magana a kansa. Share dusar ƙanƙara, gyaran mota, tsayuwa a ƙofa ana karɓar tikiti ranar wasa, duk aikin sa-kai ne, kowane mutumin gari zai iya yin sa, kuma babu wanda ake tauye wa haƙƙi idan mamban hukuma ya yi. Shiga ajin malama a tambaye ta yadda take ba da maki wani abu ne dabam, domin wannan aikin dubawa ne, kuma yana da mai shi. Ko da ma'aikatan gundumar ba su kai ashirin ba, akwai wanda aka ɗauka aka ba amanar sa ido a kan malamai. Ƙarancin ma'aikata yana halatta wa mamba ya ɗauki shebur, bai halatta masa ya ɗauki aikin shugaban makaranta ba.

Abin da yake ba ni tsoro ma shi ne yadda aikin farko yake zama lasisin na biyu. Mutumin da ya yi shekara goma yana hidima kyauta yakan fara jin makarantar tasa ce, mutanen gari kuma su ji nauyin gaya masa cewa ya wuce gona da iri. Wa zai iya buɗe baki ya tsawatar wa wanda ya gyara masa tukunyar ɗumama ɗaki da tsakar dare a cikin hunturu? Alherin gaskiya ne, ba na shakkar haka, sai dai yana tara bashi, kuma wanda yake biyan bashin a ƙarshe ita ce malamar da ba ta ci komai a ciki ba.

Tambayar da ba tambaya ba ce

Abokina ya nace cewa dattijon tambaya kawai ya yi. A nan ne nake ganin mutane da yawa suke ruɗewa, domin suna auna maganar da kalmominta, suna mantawa da bakin da ta fito. A gundumomi da dama, malamin da bai daɗe da fara aiki ba kwantiraginsa na shekara-shekara ne, kuma sunansa yana zuwa gaban hukuma kafin a sabunta. Idan mambobi biyar ne, ƙuri'a uku sun isa a yanke hukunci. Malamar da ta ga ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya ja kujera ya zauna a ajinta ta san lissafi, tunda shi take koyarwa: saura mutum biyu, kuma dukkansu abokan dattijon ne tun suna yara.

Shi yana iya rantsewa cewa bai nufi komai ba, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma a ƙaramin gari malama ba ta da wurin ɓuya. A babban birni, malami zai iya yin shekara ashirin bai taɓa haɗuwa da mamban hukuma ido da ido ba. A ƙauye kuwa za ta gan shi a kantin sayayya, a wurin ibada, a gidan mai, mai yiwuwa ma gidan da take haya na ɗan'uwansa ne. Kusancin da ake yaba wa karkara da shi shi ne yake ninka nauyin kowace kalma da mamba ya furta.

Hanya madaidaiciya ba ta da wahala. Idan dattijon yana magana ne a matsayin kaka, iyayen yaron su nemi ganawa da malama kamar sauran iyaye, shi kuma ya zauna a gida. Idan yana magana ne a matsayin mamba, ya nemi a sa sakamakon lissafi na makarantar gaba ɗaya a ajandar taro, sufuritanda ya kawo alƙaluma, a tattauna ko matsalar manhaja ce, ko ta littattafai, ko yaran tun daga ƙananan azuzuwa suka taho da rauni. Ta haka zai iya gyara abin da ya shafi yara talatin, maimakon ya tsorata mace ɗaya saboda yaro ɗaya. Akwai ma dokar tarayya ta 1974 da take kare sirrin bayanan karatun ɗalibai, wadda ta taƙaita waɗanda za su iya duba makin yaro, kuma lashe zaɓe ba ya mayar da mutum mai izinin leƙa takardun 'ya'yan maƙwabtansa.

“Ai jama'a ne suka zaɓe shi”

Haka ne, kuma saboda haka ne wayarsa ba ta hutawa. Uwa za ta kira ta ce an dakatar da ɗanta ba bisa ƙa'ida ba, uba zai tare shi ya ce koci ba ya sa 'yarsa a wasa, wani kuma ya ce motar makaranta ta daina bi ta ƙofar gonarsa. Ba na cewa ya kashe wayar. Wakilin da ba ya sauraron mutanensa ba shi da amfani, kuma ɗaya daga cikin fa'idojin ƙaramar gunduma ke nan, cewa talaka yana iya kaiwa ga mai yanke shawara ba tare da ya bi ta ofisoshi bakwai ba.

Abin da ya kamata ya yi bayan ya saurara shi ne ya nuna wa mai ƙorafi ƙofar da ta dace, daga malami zuwa shugaban makaranta zuwa sufuritanda, sannan ya sanar da sufuritanda cewa ga abin da ya ji. Idan ya ce wa uwar nan “bar mini, zan gyara,” ya yi alkawarin abin da ba shi da ikon yi shi kaɗai. Bayan haka kuma ya ɓata matsayinsa, domin idan maganar dakatarwar ta kai matakin ɗaukaka ƙara, hukumar ce za ta zauna ta saurari ɓangarorin biyu, kuma wanda ya riga ya ɗauki gefe tun a bakin titi ba zai iya zama alƙali ba.

Akwai kuma batun taro a fili. Dukkan jihohin Amurka 50 suna da dokokin da suka wajabta wa hukumomin gwamnati su yi shawararsu a bainar jama'a, da sanarwa tun kafin lokaci, in ban da wasu batutuwa ƙalilan kamar na ma'aikaci guda ko shari'a. A ƙauye wannan doka tana da wuyar kiyayewa fiye da ko'ina, don mambobi uku cikin biyar suna iya samun kansu a benci ɗaya suna kallon wasa, hira ta kai su ga maganar wanda za a ɗauka koci, kafin a tashi an gama magana. Ranar taro sai a ɗaga hannu cikin minti biyu. Babu wanda ya yi niyyar mugunta, amma iyayen da suka zo taron sun zo ne bayan an sha ruwa an ɗaure tulu.

Maganar 'yan'uwa

A yankunan karkara da yawa, makaranta tana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata, wani wurin ma ita ce ta farko. Malamai, masu dafa abinci, direbobi, masu shara, duk albashi ne tabbatacce a inda aikin yi ya yi ƙaranci, kuma albashi da haƙƙoƙin ma'aikata su ne suke cinye kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin da gunduma take kashewa a kullum. Wanda yake da ta cewa a kan waɗannan guraben yana da iko a gari fiye da yadda sunan muƙaminsa yake nunawa.

Jihar Kentucky ta ɗanɗana wannan. A 1989 kotun ƙolin jihar ta yanke hukuncin cewa tsarin makarantun gwamnati na jihar baki ɗaya ya saɓa wa tsarin mulkinta, kuma a 1990 majalisa ta yi babbar dokar garambawul. Cikin abubuwan da dokar ta taɓa har da wannan: ta hana mambobin hukuma sa baki a ɗaukar ma'aikata, in ban da sufuritanda da lauyan hukuma, ta kuma sa tsauraran ƙa'idoji a kan mutum ya zauna a hukuma alhali ɗan'uwansa na kusa yana aiki a gundumar. An yi haka ne saboda a wasu yankunan, musamman na duwatsun gabashin jihar, aikin makaranta ya daɗe da zama ladan goyon baya a zaɓe.

Masu suka suna cewa irin wannan doka tana shaƙe ƙananan garuruwa, inda kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma ana iya rasa ƙwararriyar malama don kawai mijinta yana hukuma. Ƙorafin yana da tushe, har ma Texas ta yi sassauci a dokarta ta hana fifita dangi, inda ta yarda a ɗauki ɗan'uwan mamba aikin tuƙa motar makaranta a yankunan da mutanensu ba su kai 35,000 ba. Ina ganin wannan sassauci daidai ne, kuma abin da ya sa ya zama daidai shi ne a rubuce yake, iyakarsa a bayyane take, kowa ya san da shi. Bambancinsa da mamba ya raɗa wa sufuritanda a kunne cewa “ga 'yar ƙanwata ta gama karatu” kamar nisan sama da ƙasa ne. Inda dole ta sa dangi su yi aiki a gunduma ɗaya, mamba ya faɗi alaƙar a fili, ya fita daga ɗakin idan ana maganarsu, a kuma rubuta fitarsa a rahoton taro.

To, sai ya zama ɗan amshin shata?

Wannan tsoron shi ma gaskiya ne, kuma na ga ana amfani da maganar “kada ka shiga aikin gudanarwa” a rufe bakin mambobi masu tambayoyi na halal. Akwai hukumomin da sufuritanda yake kawo takardu, a ɗaga hannu, a tashi, shekara da shekaru, har ranar da za a farka a tarar asusu ya bushe. Mamban da ya kauce wa ajin malama amma bai taɓa karanta kasafin kuɗi ba shi ma ya ci amanar masu zaɓensa.

Aikin da yake nasa na gaskiya yana da yawa, kuma ya fi gyaran mota wuya. Gwamnatin tarayya a shekarun da aka saba ba ta cika ba da fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantu ba, sauran daga jiha ne da harajin yankin, kuma kason jiha yawanci yana bin yawan ɗalibai ne. Idan iyalai biyar suka yi ƙaura daga ƙaramar gunduma, kuɗi ya ragu, amma motar makaranta tana nan tana bin hanyar da ta saba, ginin ma sai an ɗumama shi. Wa zai yanke ko a haɗa aji biyu, ko a nemi jama'a su amince da ƙarin haraji don gyara rufi, ko a raba malamin kimiyya ɗaya da gundumar da ke maƙwabtaka? Hukuma ce.

Ga kuma batun makon karatu mai kwana huɗu, wanda ya bazu a karkara saboda neman jawo malamai da rage kashe kuɗi: fiye da rabin gundumomin Colorado sun koma kansa, a Missouri ma sun haura ɗari. Shawara ce da take shafar uwar da ke aiki ranar da babu makaranta, da yaron da abincin makaranta ne abincinsa mafi tabbas. A irin wannan ne nake son in ga dattijon abokina yana yawo gida-gida yana jin ra'ayin mutane, yana matsa wa sufuritanda da tambayoyi a taro, yana neman a kawo hujja kafin a kaɗa ƙuri'a. Haka kuma auna aikin sufuritanda duk shekara, da sallamarsa idan ya gaza, wannan ikon hukuma ne cikakke, kuma ta nan ne ya halatta ta taɓa abin da ke faruwa a aji.

Wasu suna ganin maganin duk wannan shi ne a haɗe ƙananan gundumomi a huta. An daɗe ana yi: a shekarun 1930 gundumomin Amurka sun haura 100,000. A 2004, zamanin gwamna Mike Huckabee, Arkansas ta fara aiki da dokar da ta tilasta wa gundumomin da ɗalibansu ba su kai 350 ba su haɗe da wasu. Ni ba na goyon bayan a mayar da wannan maganin kowace cuta, domin garin da ya rasa hukumarsa sau da yawa makarantarsa ce take biyo baya, yara kuma su koma doguwar tafiya a mota safe da yamma. Sai dai ya kamata mambobin ƙananan hukumomi su sani cewa duk lokacin da aka ji labarin son kai ko katsalandan daga wurinsu, hujja suke miƙa wa mutanen babban birnin jiha masu son a rufe su.

Na sake tambayar abokina kwanan baya yadda aka ƙare da ajin lissafin. Ya ce sun yi talla har ƙarshen hutun bazara ba a samu mai nema ba, don haka manyan ɗalibai suna ɗaukar darasin ta intanet daga wani malami da ke wata gunduma, wata ma'aikaciya kuma tana zama da su a ɗakin don ta tabbatar sun nutsu. Jikan dattijon yana cikinsu. Shi kuwa dattijon wa'adinsa ya ƙare, ya sake tsayawa, kuma babu wanda ya fito ya yi takara da shi.